Dashen Sama da Bonsai Mai Tagwayen Ganga

Dashen sama hanya ce ta sa bishiya ta fid da saiwa a jikin gangarta ko reshenta tun ba a raba shi da uwar ba, sai saiwar ta kama sannan a yanke a dasa. Japanawa na kiransa toriki, Faransawa marcottage, a Indiya kuma ana cewa gootee. Masu lambun 'ya'yan itace suna yin sa don yawaita iri mai kyau. Masu renon bonsai, wato ƙananan bishiyoyin da ake reno a kasko, sun mai da shi hanyar gyaran siffa, musamman wajen samar da salon sokan, bishiya mai ganga biyu a kan gindi ɗaya. Idan bishiya ta rabu biyu a can sama, ba ta da salo. Dashen sama yakan ɗago gindin ya kai shi inda rabuwar take.

Tarihi

Reno a kasko ya faro ne daga ƙasar Sin, inda ake kiransa penjing. Shaidar da aka fi ambata ita ce zanen bango a kabarin Yarima Zhanghuai na daular Tang, wanda aka rufe a Qianling a shekarar 706, inda aka nuna barori ɗauke da kasake masu duwatsu da ƙananan tsirrai. An tono kabarin a farkon shekarun 1970. Ana kyautata zaton sana'ar ta ƙetara zuwa Japan tare da malaman addinin Buddha da jakadu, kuma zuwa zamanin Kamakura, tsakanin 1185 da 1333, ta riga ta zauna, don akwai naɗaɗɗen zanen wurin ibadar Kasuga na 1309 da ya nuna bishiyoyi a kasko a harabar wani babban gida. Ita kalmar bonsai, daga bon, kasko, da sai, shuka, sai wajen shekarar 1800 ta fara yawo a bakin masu sana'ar.

Dashen sama kuwa da alama ya girmi sunayen salon gaba ɗaya. Manoman kudancin Sin sun shafe ƙarnoni suna yawaita lici, wata bishiya mai 'ya'yan ci, ta wannan hanya, saboda ƙwallonta ba ya maimaita halin uwa, har littattafan noman Turai suka riƙa kiransa dashen Sinawa. Yadda aka saba yi shi ne a zare ɓawo, a shafe wurin da laka da ruɓaɓɓen ciyayi, a naɗe da tsumma ko bambaro, sai a rataya tukunya mai ɗan huji a sama tana ɗiga ruwa ta kan igiya. Aiki ne mai cin rai, domin da zarar lakar ta bushe sau ɗaya, wahalar watanni ta tafi a banza.

Abu biyu suka sauƙaƙa shi a ƙarni na 20. Na farko, gano sinadarin oksin mai umartar tsiro da fid da saiwa. Frits Went, masanin tsirrai ɗan Holan, ya tabbatar da samuwarsa a ƙarshen shekarun 1920, kuma a 1935 masu bincike a cibiyar Boyce Thompson ta Amurka suka nuna cewa wani sinadari na haɗawa, IBA, yana yin aikin. Shi ne a cikin yawancin hodar saiwa da ake sayarwa yau. Na biyu, leda. An gano roban da ake yin ta da shi a Ingila a 1933, kuma bayan Yaƙin Duniya na Biyu masu noman lici a Fulorida suka fara naɗe dashe da ita. Leda na riƙe damshi na makonni, saboda haka tukunyar ɗigo ta kau.

A ɓangaren salo, rarrabe bonsai zuwa sunaye kamar chokkan, miƙaƙƙiya, da moyogi, mai lanƙwasa, da kengai, mai zubowa ƙasa, ya daidaita ne galibi tsakanin ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20, lokacin da baje koli da mujallu suka yawaita. Bayan girgizar ƙasar 1923 a Kanto, yankin da Tokyo take, masu renon Tokyo suka ƙaura zuwa Omiya suka kafa ƙauyen bonsai a 1925, sannan baje kolin Kokufu ya fara a Tokyo a 1934. A irin waɗannan wurare ne ido ya saba da abin da ake ɗauka kyakkyawan sokan.

Ƙa'idodin sokan

Sokan ganga biyu ce daga saiwa ɗaya. Idan bishiyoyi biyu ne daban aka dasa kusa da juna, sunansa soju. Uku daga gindi ɗaya sankan ne, biyar gokan, tarin ganguna daga gindi ɗaya kuwa a dunƙule sunansa kabudachi. Masu sana'ar suna guje wa adadin da ke rabuwa biyu daidai, sai biyu kaɗai aka ɗauke wa wannan hani.

Gangunan ba sa zama kai ɗaya. Ɗaya babba ce, mai kauri da tsayi, ɗayar ƙarama, kuma Japanawa kan kwatanta su da uwa da ɗa ko miji da mata. Tsayin ƙaramar yakan kai kashi ɗaya zuwa biyu cikin uku na babbar. Ana son rabuwarsu ta kasance daidai fuskar ƙasa ko ɗan sama kaɗan, kuma gwafar ta yi tsini kamar harafin V. Wadda ta buɗe ta yi kwarin U takan sa bishiyar ta zama kamar gwafar danƙo, wanda shi ne babban aibin da ake gudu. Ƙaramar ba ta tsayawa daidai gaban babbar ko bayanta, sai a gefe tana ɗan karkata waje. Reshe mafi ƙasa yakan fito daga ƙaramar, ba a barin rassa su gitta a tsakanin gangunan, kuma kawunan biyu sukan haɗu su ba da inuwa ɗaya.

A cikin duk waɗannan, tsayin wurin rabuwa shi ne abin da wayar lanƙwasa rassa da almakashi ba sa iya gyarawa.

Abin da ke faruwa a jikin bishiya

Ruwa da gishirin ƙasa suna hawa ta cikin icen da ke ƙarƙashin ɓawo. Sukarin da ganye ya haɗa, tare da oksin, suna saukowa ta wata shimfiɗa da ke manne da ɓawon daga ciki. Tsakanin su biyun akwai wata siririyar shimfiɗa mai santsi, kambiyam, wadda ke haifar da sabon ice da sabon ɓawo. Idan aka zare ɓawon a zagaye, hanyar hawa tana nan, ta sauka kuwa ta katse. Saman bishiyar na ci gaba da shan ruwa daga tsohuwar saiwa, amma abincin da ke saukowa sai ya taru a leɓen yanka na sama. Nan wurin yakan kumbura ya yi farin tsiro mai gurji-gurji, kuma idan akwai duhu da damshi da iska, daga cikinsa saiwa ke ɓullowa.

Zaɓen wuri da yanka

A ɗauki misalin momiji, wato Acer palmatum, bishiyar Japan mai zubar da ganye, mai tsayin santimita 60, wadda gangarta ta tafi santal babu reshe har santimita 25, sannan ta rabu biyu. Da yake saiwa daga leɓen sama take fita, wannan leɓen shi ne zai zama fuskar ƙasa ta sabuwar bishiya. Don haka akan yi shi dab da gwafar, ƙasa da ita da santimita ɗaya zuwa biyu. In an sauka da yawa, an sake haifar da aibin da ake son kawarwa. In an hau har yankan ya shiga cikin gwafar, ana iya tashi da bishiyoyi biyu da ke rabuwa ranar dashe. Akwai kuma riba ta gefe: ƙasan gwafa yakan fi sauran gangar faɗi, saboda haka sabon gindin na zuwa da buɗinsa tun farko.

Wurin ba zagayayye ba ne, ya fi kama da ƙwai, kuma yana da kwari a ɓangarori biyu inda gangunan suka haɗu. A cikin kwarin nan ne kambiyam ke ɓuya. Masu aikin kan zana layin da alli kafin su taɓa wuƙa, su karkata tukunyar su duba kusurwar da za a dasa bishiyar a kanta, domin layin ya zo daidai da ƙasar gobe, ko da ya karkace a kan gangar yau.

Ana yanka layi biyu a zagaye, tazararsu kamar kaurin gangar sau ɗaya da rabi zuwa biyu, a tsaga tsakani, a ɗaga ɓawon. A lokacin da ruwan bishiya ke gudu yakan zame kamar riga, ya bar ice fari mai sulɓi. Sulɓin nan shi ne kambiyam, kuma dole a kankare shi da bayan wuƙa har icen ya daina sheƙi. Ko zare guda aka bari, bishiyar za ta yi gada a kansa ta haɗe raunin, ta ƙi saiwa. Wannan ya fi kowane dalili lalata dashe a bishiyoyi masu ƙarfin tsiro. Leɓen sama kuwa ana son sa tsaf, da wuƙa mai kaifi, don daga yanka mai tsafta ake samun saiwa a kewaye, abin da Japanawa ke kira nebari kuma suke fara dubawa a jikin kowace bishiya.

Idan ganga ta biyun reshe ne da ya fita a kwance, akan ɗaga shi da waya shekara guda kafin yanka, har ya tsaya da kansa.

Akwai wata hanyar da ba a zare ɓawo, sai a ɗaure waya mai kauri ta tagulla ko alminiyam a murɗe har ta nutse. Tana da jinkiri, amma ta fi dacewa da bishiyoyin da ba sa jure zarewa, kuma takan bar gindi mai kumburi mai kyau.

Naɗi da jira

Ana shafa hodar saiwa a leɓen sama, a jiƙa gansakukar sfagnam a matse ta har ta daina ɗiga, a lulluɓe raunin da dunƙule mai kauri, a naɗe da leda a ɗaure sama da ƙasa. A ƙasan gwafa naɗin ba ya zama lafiya, don leda ba ta rufe tsakanin ganguna biyu. Saboda haka da yawa sun fi son tsaga tukunyar roba su kewaye gangar da ita, su cika da sfagnam da aka yayyanka haɗe da akadama, jar ƙasar Japan mai ƙwaya-ƙwaya. Wannan yana buƙatar ban ruwa kullum, amma saiwarsa takan fita a kwance, ba ta cukurkuɗe kamar ta cikin leda.

Lokacin da aka fi so shi ne bayan ganyen farko na shekara ya ƙosa, wanda a Japan yake faɗowa wajen Mayu zuwa Yuni. Ba a rage ganyen sama a wannan lokacin, don shi ne ke ciyar da saiwar. Momiji mai lafiya kan nuna saiwa cikin mako shida zuwa goma. Da farko fari ne fat, masu kauri da gautsi, suna bin jikin ledar kamar tsutsa. Ba a yanka sai sun koma ruwan ƙasa sun yi 'ya'ya, kuma sun bayyana ta ɓangaren kowace ganga. Idan gefen ƙaramar babu saiwa, akan buɗe a sake kankare leɓen wurin, a rufe a ƙara jira, ko da hakan na nufin tsallake hunturu.

Rabuwa

Ana yanke gangar da zarto a ƙasan dunƙulen, a cire ledar, a dasa ba tare da an warware gansakukar ba. Sabuwar saiwa ba ta iya riƙe bishiya, kuma ganga biyu sun fi ɗaya kama iska, don haka ana ɗaure su da waya ko igiya a jikin tukunyar har kada su motsa. Ana rage rassa kaɗan, a ajiye a inuwa na 'yan makonni, a kuma kare ta daga ƙanƙara a hunturun farko. Bayan shekara ɗaya ko biyu, a dashe na gaba, ake tsefe gansakukar, a daddatse guntun icen da ya rage a ƙasa, a baje saiwar a kan allo ko tayil don ta ci gaba da tafiya a kwance. Kasko mara zurfi, mai siffar ƙwai, sai bayan nan.

Bishiyoyin da ke karɓa

Momiji da 'yar'uwarta Acer buergerianum, da Ulmus parvifolia, da keyaki, babbar bishiyar Japan mai zubar da ganye, da satsuki, ƙaramin icen fure na Japan, da dangin ɓaure, duk suna karɓa cikin sauƙi. Shimpaku, wani nau'in Juniperus mai koren ganye duk shekara, yana yi, sai dai yakan ɗauki watanni. Matsu, wato dangin Pinus, na iya kai shekara ɗaya zuwa biyu, tsofaffinsa kuma sau da yawa ba sa yi sam.

Saɓani

Wasu na ganin hodar saiwa ba ta ƙara komai a bishiyoyin da ke karɓa da kansu. Ana kuma jayayya kan baƙar leda da fara, da kan barin siririn ɓawo a matsayin gada ga bishiya mai rauni.

Ragowar gindi

Tsohon gindin ba lallai a jefar da shi ba. A bishiyoyi masu zubar da ganye yakan tofo daga bakin yankan, a zaɓi toho ɗaya a mai da shi sabon kai, sai a tashi da bishiya ta biyu, gajeriya mai kaurin gindi. Shimpaku da matsu kuwa, in ba a bar musu reshe mai ganye a ƙasan raunin ba, gindin yakan mutu.