Waiwaye: Mai Shari'a Habibur Rahman da riƙon ƙwaryar Bangladesh

A watan Maris na 1948, jagoran Pakistan Muhammad Ali Jinnah ya shaida wa mutanen Dhaka, babban birnin Bangladesh a yau wanda a lokacin yake cikin Pakistan, cewa Urdu kaɗai ne zai zama harshen gwamnatin Pakistan, alhali mafi yawan 'yan ƙasar Bangali suke ji. Wutar da wannan magana ta kunna ita ce ta kai ga 21 ga Fabrairu 1952, ranar da ɗalibai suka bijire wa dokar hana taro ta sashe na 144, 'yan sanda suka buɗe musu wuta. Cikin waɗanda aka kama a ranar akwai matashi Muhammad Habibur Rahman, haifaffen Murshidabad (da ke Indiya a yau) a 1928, wanda ya karanta tarihi a Jami'ar Dhaka.

Daga baya ya yi karatu a Oxford, ya zama lauya, ya hau kujerar alƙalin babbar kotu a 1976, sannan Alƙalin Alƙalai a 1995. Bai bar hidimar harshensa ba: ya yi ta rubutu da Bangali, yana kira a yi shari'a da harshen da mai ƙara ke fahimta.

Babbar jarrabawarsa ta zo a 1996. 'Yan adawa sun ƙaurace wa zaɓen 15 ga Fabrairu, ƙasa ta tsaya cik, dole majalisa ta yi gyara na 13 ga tsarin mulki. Gyaran ya ce gwamnati marar jam'iyya ta riƙi ƙasa, Alƙalin Alƙalai na ƙarshe da ya yi ritaya ya jagorance ta da mashawarta da ba su wuce 10 ba, a yi zaɓe cikin kwana 90. Da yake Habibur Rahman ne na ƙarshe da ya yi ritaya, nauyin ya faɗo kansa a ƙarshen Maris.

Tsarin yana da ɓaraka: harkar tsaro na hannun shugaban ƙasa, Abdur Rahman Biswas. Da ya sallami hafsan sojin ƙasa, Janar Nasim, ranar 20 ga Mayu, kaɗan ya rage soja su kife komai. Duk da haka aka kaɗa ƙuri'a ranar 12 ga Yuni, jam'iyyar Awami League ta samu kujeru 146 cikin 300, Habibur Rahman ya miƙa wa shugabarta Sheikh Hasina mulki ranar 23 ga wata.

A ganinmu, aibi mafi muni shi ne ɗaure muƙamin ga kujerar alƙali, domin ya sa jam'iyyu lissafin wa zai yi ritaya a wane lokaci. A 2004 aka ɗaga shekarun ritaya daga 65 zuwa 67, adawa ta ce an yi ne don riƙon ƙwarya ya faɗa hannun wani alƙali guda, rikicin siyasa ya biyo baya a 2006. An soke tsarin a 2011. Habibur Rahman ya rasu ranar 11 ga Janairu 2014, kwana shida bayan wani zaɓen da babbar jam'iyyar adawa ta BNP ta ƙaurace wa.