Yadda 'yan wasan hoki na ƙanƙara ke rufa wa juna baya

Wai me ya sa suke ta shiga da fita ana tsaka da wasa?

Kowace ƙungiya mutum 6 take sakawa a fili, gola ɗaya da 'yan wasa 5. To gudu a kan ƙanƙara da takalmin nan mai ƙarfe a ƙasa yana cinye numfashi ba kaɗan ba, shi ya sa a gasar NHL ta Amurka da Kanada ɗan wasa ba ya wuce kamar daƙiƙa 45 zuwa minti 1 sai ya koma benci wani ya tsallako, wasa kuma bai tsaya ba. Taimako na farko ke nan, ka fita da wuri. Wanda ya maƙale a fili yana neman suna alhali ƙafafunsa sun mutu, shi ke jawo a zura musu.

In aka kori ɗayansu fa?

Ƙaramin laifi minti 2 ne a waje, sai 4 su fuskanci 5. Nan ne ake gane abokin gaskiya wallahi, domin faifan robar da ake bugawa daskararre ne, kuma yana iya zuwa da gudun da ya kai kilomita 160 a awa, amma za ka ga mutum ya zube a gabansa ya tare da jikinsa don kar ya isa wajen gola. A 2013 Gregory Campbell na ƙungiyar Boston Bruins ya yi haka a wasansu da Pittsburgh, ƙafarsa ta karye, kuma ya miƙe yana ɗingishi ya ci gaba da tsaro har ya samu damar komawa benci. Ni kam wannan ya fi min cin ƙwallo goma.

Akwai wani ƙaramin abu da yake burge ni kuma, in sandar da ɗan baya ke buga faifan da ita ta karye ana cikin matsi, ɗan gaba yakan miƙa masa tasa shi ya zauna hannu rabbana. Gola ma in ya ga lokacin korar abokin hamayya ya kusa cika sai ya riƙa buga sandarsa a ƙanƙara, don nasa su farga wani na shirin fitowa ta bayansu.

Wanda ya ba da fas ana lissafa masa?

Sosai ma. Kowace ƙwallo ana iya rubuta wa mutum 2 da suka taimaka, kuma makinsu ɗaya da na wanda ya ci. Shahararren ɗan wasan nan Wayne Gretzky ya ba da irin wannan fas 1,963, adadin da ya fi jimillar makin kowane ɗan wasa a tarihin NHL, in ban da shi kansa.

Dambe da ake gani a fili fa, shi ma taimako ne?

Su dai haka suke ɗaukarsa, in aka yi wa tauraronsu ko golansu mugunta wani zai taso ya tsaya masa, ya karɓi korar minti 5. Dave Semenko ya yi wa Gretzky wannan aikin a ƙungiyar Edmonton. Gaskiya ban cika son sa ba saboda raunin kai da yake jawowa, kuma a gasar Olamfik wanda ya yi dambe korarsa ake daga wasan gaba ɗaya.