Wayar kuran ta faɗo ta kashe mutum a Maradi: wa doka ta kama?

Da damina ta kankama, iska ta fara kayar da itatuwa da turakun wuta, maganganu biyu ne ke yawo a majalisu da WhatsApp. Wasu na cewa duk wanda wayar kuran ta kashe a kan titi, ma'aikatar magajin gari ce za ta biya diyya, tunda titin nata ne. Wasu kuma na cewa babu mai biya, iska ce ta kawo, ƙaddara ce, a yi haƙuri. Maganar farko tana tura iyalin mamaci ƙofar da sau da yawa ba ita ba ce, ta biyun kuma tana hana su tashi daga tabarmar zaman makoki su nemi hakkinsu.

Doka ba ta tambayar a filin wa wayar ta faɗo. Tambayarta ita ce wayar tana hannun wa. Aya ta 1384 ta kundin dokar farar hula, wanda Nijar ta gada daga Faransa, ta ce mutum yana ɗaukar alhakin ɓarnar da abin da ke ƙarƙashin kulawarsa ya yi. Layukan da ke raba wuta a Bagalam, Mokoyo, Zariya ko Ali Ɗan Sofo suna hannun NIGELEC, kamfanin ƙasa da aka kafa a 1968, kuma dokar lantarki ta 17 ga Mayu 2016 ce ke tsara aikinsa. Shi ke kafa poto, shi ke ja da gyara waya, shi ke iya yanke wuta. Don haka idan wayar babban layi ta tsinke, wurin kamfani ake fara dosa. Abin da mutane da yawa ba su sani ba, a ƙarƙashin wannan aya iyalin mamaci ba sai sun nuna wane ma'aikaci ne ya yi sakaci ba. Ya isa su tabbatar wayar ce ta kashe, kuma wayar ta kamfani ce. Kamfanin ne zai nemo hujjar da za ta wanke shi.

To, meri, wato ma'aikatar magajin gari, ta fita ke nan? A'a. Dokar ƙananan hukumomi ta 17 ga Satumba 2010 ta ɗora wa magajin gari kiyaye lafiyar jama'a a tituna da kasuwanni. Rusa majalisun ƙananan hukumomi da aka yi a Afrilun 2024 bai sauke wannan nauyi ba, ya koma kan jami'in da aka naɗa ya riƙe gari. Idan wayar ta fitilun titi ce da meri ke kula da su, alhakin nata ne. Haka idan mai unguwa ya kai rahoto cewa waya na kwance a bakin kwata tun safe, ba a killace wurin ba, ba a kira kamfani ba, har yaro ya taka da la'asar, ana iya kama meri da sakaci tare da kamfanin. Wayar da ta wuce mita ta shiga gida kuwa, ko wadda aka ja ta kan katanga zuwa gidan maƙwabci, mai gidan ne zai amsa.

Inda ake rikicewa shi ne batun iska. Gaskiya ne doka ta yarda mai waya ya kuɓuta idan abin da ya faru ya fi ƙarfin kowa. Amma sharuɗɗan suna da tsauri: abin ya zo daga waje, ba wanda zai iya hango shi, kuma ba yadda za a yi a kare shi. Iskar farkon damina a Maradi ba baƙuwa ba ce, kowace shekara tana zuwa da jan ƙura kafin ruwa. Turken da ya karkace wata da watanni, gindinsa ya zaizaye, wayarsa ta sauko har mai amalanke yana sunkuyawa, idan ya faɗi ranar hadari, iskar ta ƙarasa abin da rashin gyara ya fara ne. Ko a ruwa irin na ƙarshen Agustan 2024 da ya rushe gidaje a garin nan, alƙali zai so ya ji awa nawa wayar ta yi a ƙasa da wuta a jikinta. Imani da ƙaddara bai hana neman diyya ba, kuma malamanmu sun san hukuncin kisan kuskure.

Hujja ta biyu da ake kawowa ita ce laifin mamacin. Wanda ya hau poto don satar wuta, ko ya ɗaga waya da hannu bayan an gargaɗe shi, diyyarsa na iya raguwa ko ta faɗi gaba ɗaya. Yarinyar da aka aika sayen ƙuli-ƙuli ta bi ta cikin ruwan da ya rufe waya ba ta cikin wannan sahu.

Ban da diyya akwai hukunci. Dokar laifuka ta tanadi ɗauri da tara ga wanda sakacinsa ya jawo mutuwa, kuma mai gabatar da ƙara na babbar kotun Maradi ne ke buɗe wannan bincike.

Abin da ke damuna shi ne dokar tana da kyau a takarda, amma talaka ne ke ɗauke da nauyin shaida a ranar da ba ya cikin hayyacinsa. Muna gaggauta jana'iza, kuma daidai ne. Sai dai kafin a dawo daga maƙabarta an naɗe wayar, an kafa sabon turke. Shi ya sa wani daga dangi ya kamata ya tsaya: ya kira ƴan sanda su rubuta abin da suka gani, ya ɗauki hoto daga nesa, ya karɓi takardar likita mai faɗin abin da ya yi ajali, ya riƙe sunayen waɗanda suka taɓa kai ƙorafi. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya tambayi ofishin ANAJJ a kotu, hukumar da ke taimaka wa marasa hali a shari'a. Unguwar da ke da turke a karkace yau, ta kai rahoto a rubuce ga kamfani da meri, ta ajiye kwafi mai hatimi da kwanan wata.