Waiwaye: me ke kawo tsuntsun teku tudu?

Akwai tsuntsayen da rayuwarsu kacokan a tsakiyar teku take. Ruwan gishiri suke sha, ba sa sauka ƙasa sai lokacin ƙwai. To idan aka tsinci irinsu a gona ko bakin dam, nesa da gaɓa, galibi iska ce ta yi awon gaba da su.

Turawa sun daɗe suna rubuta irin wannan. A ƙarshen 1952 iska mai ƙarfi ta watso dubban wasu ƙananan baƙaƙen tsuntsayen teku cikin Birtaniya, da yawa aka same su a mace. A Amurka kuwa, mahaukaciyar guguwa kan ritsa da tsuntsu a tsakiyarta, inda iska ke da sauƙi, ya yi ta binta har ta hau tudu ta mutu. Haka guguwar Hugo ta 1989 ta zubar da su a tafkunan Karolina ta Arewa.

Kaduna fa? Nisanta da teku ya haura kilomita 500, amma ba nisan kaɗai ba ne ke sa da wuya a ji labarin irin wannan a nan. Kowane manomi ya san hadarinmu daga gabas yake tasowa, ya nausa yamma. Irin wannan tsarin iskar ne ma, idan ya faɗa Tekun Atalantika, kan rikiɗe ya zama guguwar da ke addabar Amurka. Wato hadarinmu teku yake nufa, ba daga can yake ɗebo tsuntsaye ba. Saboda haka fararen tsuntsayen nan masu tsinin fiffike da masunta kan gani suna shawagi a Kogin Kaduna ko dam ɗin Kangimi, yawanci 'yan ci-rani ne da suka zo da kansu.

Sai batun masu lura, wanda a ganina ya fi komai tasiri wajen ƙarancin irin wannan labari a nan. A 1964 aka kafa ƙungiyar masu nazarin tsuntsaye ta Najeriya, kuma malaman Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya na cikin waɗanda suka riƙe mujallarta, wadda ta koma Malimbus a 1979. 'Yan tsiraru ne, akasari baƙi. Tsuntsun da ya faɗo ƙauye a wancan zamani, yara ne za su fige shi kafin labari ya kai Samaru, inda jami'ar take.

Yanzu cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Jos na jagorantar aikin taswirar tsuntsayen ƙasar nan tun 2015, kuma hoton waya ɗaya, da rana da sunan wuri, ya isa masana su tantance.