Barolo da Chianti ba sunayen inabi ba ne

An daɗe ana ɗauka cewa sunan da ke jikin kwalbar giyar Italiya sunan inabin da aka matse ne. Galibi ba haka ba ne, sunan wuri ne.

Barolo ƙauye ne a yankin Piemonte, inabinsa kuma Nebbiolo. Chianti tuddai ne a yankin Toskana, tsakanin biranen Firenze da Siena, inda ake noma Sangiovese. Tun 1716 sarkin Toskana, Cosimo na Uku, ya shata iyakar Chianti, kafin dokar DOC ta 1963, mai kare sunan wurin da giya ta fito, ta tsara al'amarin a ƙasar baki ɗaya.

Abin da ya fi rikita mutane shi ne Montepulciano. Gari ne a Toskana, amma giyarsa, Vino Nobile, da Sangiovese ake yin ta. Can a yankin Abruzzo kuwa, Montepulciano sunan inabi ne, ba ruwansa da garin.

A ganina wannan kuskure na ɗaukar sunan wuri a matsayin sunan inabi yana tauye haƙƙin manoma. Masu ɗanɗano suna jin bambancin giyar wuri da wuri a harshe: giyar Barolo ja ce mai haske, tana ɗaure baki kamar ɗanyen goro, ta Abruzzo kuwa ta fi duhu da laushi.