Tsaron nukiliya: me ya kawo Zariya cikin maganar?

Ina ruwan Zazzau da batun nukiliya?

Da ruwanta da tsaki. A cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, wato CERT, akwai na'urar nukiliya ta bincike mai suna NIRR-1, ƙirar ƙasar Sin, da ta fara aiki a 2004. Ƙarama ce, ƙarfinta kimanin kilowat 30. Ba lantarki take bayarwa ba, da ita ake gano sinadaran da ke cikin ƙasar noma, duwatsu da ma'adinai.

To ina abin fargaba?

Makamashinta na farko yuraniyom ne da aka tace zuwa kimanin kashi 90 cikin ɗari, irin wanda ake haɗa bam da shi. Bai wuce kusan kilo ɗaya ba, amma ba kayan da za a bari ya faɗa hannun ɓata-gari ba ne. A 2018 aka musanya shi da na kashi 13, aka mayar da tsohon Sin a watan Disamba. Najeriya ba ta yi aikin ita kaɗai ba. Hukumar makamashin nukiliya ta duniya, IAEA, da Amurka da Sin duk sun sa hannu. Gana ta riga mu a 2017, kuma can ma'aikatanmu suka je suka yi atisaye kafin su taɓa na gaske. Wannan ya burge ni, maƙwabci ya koya wa maƙwabci.

An kwashe, har yanzu ana bukatar horo kan tsaron nukiliya?

Nan ne damuwata. Sinadarai masu tururin nukiliya suna asibitocin da ke gashin cutar daji, suna rijiyoyin mai. A 1987, a garin Goyaniya na Brazil, masu tsintar ƙarafa suka ɗauko wata na'ura daga asibitin da aka yi watsi da shi, suka fasa, suka sayar. Garin hodar da ke ciki yana walƙiya shuɗi, mutane suka yi ta rabawa suna sha'awa. Mutum huɗu suka mutu. Duk wanda ya san yadda sana'ar gwangwan ta bunƙasa a wajenmu zai gane cewa horon bai kamata ya tsaya kan masana ba. Mai gadi, ɗan sanda da jami'in kwastan duk suna bukata. Hukumar kula da harkokin nukiliya ta ƙasa, NNRA, ke ba da lasisi da sa ido a Najeriya, IAEA kuma ta buɗe cibiyar horon tsaro a Ostiriya a 2023.

Idan na ci karo da irin wannan ƙarfe fa?

Duba alamar fanka mai fukafuki uku a kan rawaya. Kada ka taɓa, kada ka fasa. Ja da baya, kori yara daga wurin, ka sanar da 'yan sanda.