Waiwaye: shin sai sabon shiga ya san tarihin Homeworld kafin ya fara wasa?

A watan Mayun 2024, lokacin da Homeworld 3 ya fito, shekara 21 ke nan rabon da a ga ci gaban labarin wannan wasan kwamfuta na dabarun yaƙin sararin samaniya. Yaron da aka haifa a shekarar da na biyu ya fito ya riga ya zama saurayi. Saboda haka tambayar da sababbin 'yan wasa suka yi ta yi ba abin mamaki ba ce: in saya in shiga kawai, ko sai na koma baya na san su waye mutanen Hiigara, wace ce Karan S'jet, me ya sa tsofaffin 'yan wasa ke sauya murya idan an ambaci Kharak? Tambayar tana da nata tarihin, kuma amsarta ta sha canzawa.

A farko babu ita sam. Kamfanin Relic Entertainment, wanda Alex Garden da abokansa suka kafa a Vancouver ta ƙasar Kanada a 1997, shi ya fitar da Homeworld a watan Satumbar 1999 ta hannun kamfanin Sierra. Kowa sabon shiga ne a lokacin. Abin da ya fara jan hankalin mutane shi ne fasahar: a wasannin dabarun yaƙi na zamanin, irin su StarCraft na 1998, sojojinka suna tafiya ne a kan shimfiɗaɗɗen fili, gabas ko yamma, kudu ko arewa. A Homeworld kuwa kumbunanka suna iya hawa sama ko su nutsa ƙasa, abokin gaba yana iya faɗo maka ta inda ba ka duba ba. Sannan rundunar da ka gina ba ta ɓacewa idan ka gama zango. Kumbon da ya tsira da rauni a zango na huɗu, shi ne za ka shiga na biyar da shi.

A cikin kwalin faifan akwai littafin jagora mai kauri, kuma babban ɓangarensa tarihi ne zalla. Yana ba da labarin Kharak, duniyar hamada wadda ruwa da ƙasar noma suka yi wa mutanenta kaɗan, da zuriyoyin da ake kira kiith, irin su S'jet da Paktu da Soban da Gaalsien, da yaƙe-yaƙen da suka gwabza a kan addini da ƙasa. Wanda ya karanta ya ƙaru. Wanda bai karanta ba bai rasa hanya ba, domin farkon wasan ya faɗi abin da ake buƙata cikin 'yan mintuna, da zanen hannu baƙi da fari: an tono wani tsohon kumbo, Khar-Toba, a ƙarƙashin rairayi, a cikinsa an sami wani dutse mai taswirar taurari da suna ɗaya, Hiigara, asalin gidansu. Zuriyoyin suka ajiye gaba, suka shafe shekara 60 suna ƙera ƙaton kumbo, suka kwantar da mutum 600,000 cikin barcin ƙanƙara don tafiyar. Wata masaniyar ƙwaƙwalwa, Karan S'jet, ta yarda a haɗa jikinta da na'urar kumbon, ta zama ita ce muryarsa da tunaninsa.

Abin da ake yawan mantawa shi ne mutanen Kharak su kansu ba su san tarihinsu ba. Ba su san wanda ya kawo su hamadar ba, ba su san dalili ba. An gina wasan ne a kan wannan rashin sanin, yadda ɗan wasa da mutanen da yake jagoranta za su gano gaskiya tare, lokaci guda.

Wanda bai taɓa buga na farkon ba kuma yana da niyya, ina ba shi shawara ya tsallake sakin layi na gaba.

A zango na uku, bayan gwajin injin da ke tsallaka nisan taurari, kumbon ya dawo gida. Kharak tana ci da wuta. Daular Taiidan ta ƙone sararin duniyar baki ɗaya, da mutum kusan miliyan 300 a cikinta. Ba a nuna maka fuska ko ɗaya tana kuka. Murya ce kawai a rediyo, a natse, tana cewa babu wanda ya rage, da waƙar taron mawaƙa tana tashi a hankali. Kuma ba a ba ka damar zama ka yi makoki ba, domin a gefe akwai manyan akwatuna shida masu ɗauke da waɗancan mutanen da ke barci, 100,000 a kowanne, abokan gaba suna yi musu ruwan wuta. Da hannunka za ka zaɓi ƙananan kumbunan jan kaya, ka aika su, ka riƙa kallon ma'aunin lafiyar kowane akwati yana raguwa. Idan ka yi jinkiri ɗaya ya fashe, ya tafi ke nan. Daga baya, daga bakin wani kyaftin da aka kama, sai ka ji dalilin: kakanninsu sun sa hannu a wata yarjejeniya shekara dubbai da suka wuce cewa ba za su sake ƙera irin wannan injin ba. An hallaka su a kan alkawarin da babu mai rai da ya san da shi.

Duk abin da ya biyo baya a jerin wasannin nan a kan wannan zangon ya jingina. Akwai wani makamancinsa can gaba, a cikin hazon taurari na Kadesh, wanda ba zan buɗe shi a nan ba.

Wanda ya biyo bayan na farko, Cataclysm, wani kamfanin Vancouver ne mai suna Barking Dog Studios ya yi shi a 2000. Labarinsa ya faru shekara 15 bayan isa Hiigara, kuma ya bi wata ƙaramar zuriyar masu haƙar ma'adinai, Somtaaw, da kumbonsu Kuun-Lan, da wata annoba mai cinye kumbo da mutanen cikinsa. Shi ma ya tsaya da ƙafarsa. Sabon shiga zai iya fara shi ya fahimci komai, tunda jarumansa ƙananan mutane ne da manyan zuriyoyi suka raina, kuma matsalarsu sabuwa ce.

Da Homeworld 2 na 2003 ne tambayar ta fara samun gindin zama. Relic ta ɗauki labarin da yake na 'yan gudun hijira masu neman gida, ta mai da shi na annabci da ƙaddara. Injin tsallaka nisan taurari da aka tono a Khar-Toba, wanda a da ake ɗaukarsa tsohuwar fasaha ce kawai, sai aka ce ɗaya ne daga cikin manyan injuna uku na wasu mutanen farko. Ga wani jagoran yaƙi, Makaan na Vaygr, yana farautarsu don ya tada Sajuuk. Sabon shiga ya tarar da sunaye birjik ba tare da an gabatar masa da su ba. Tsohon ɗan wasa kuma ya tarar an sake rubuta wani ɓangare na abin da ya sani. A ganina wannan ne karo na farko da sanin tarihin ya zama nauyi ga kowane ɓangare: wanda bai sani ba ya rikice, wanda ya sani ya yi ta gardama da allo.

Daga nan sai shiru, kuma shirun ba na marubuta ba ne, na 'yan kasuwa ne. THQ, wani kamfanin wasannin kwamfuta, ta sayi Relic a 2004, amma haƙƙin mallakar sunan Homeworld yana hannun masu Sierra, sai a 2007 ya koma THQ. Ba a yi komai da shi ba. A watan Disambar 2012 THQ ta durƙushe, aka yi gwanjon kadarorinta. Sega ta ɗauki Relic, shi kuma Homeworld kamfanin Gearbox na Amurka ya saye shi a watan Afrilun 2013 a kan dala miliyan 1.35. A tsawon waɗannan shekarun, matashin da ya ji labarin wasan ba shi da wata hanya mai sauƙi ta sayensa. Sai dai ya nemi tsohon faifai, ya yi fama da shi a sabuwar kwamfuta. Tarihin ya koma abin da ake karantawa a intanet ko a ji a bakin waɗanda suka buga, kuma a wannan zamanin ne al'adar "karanta taƙaitawa ka wuce" ta kafu. Ban ga laifin kowa ba a nan, ba su da zaɓi.

Zaɓin ya dawo a watan Fabrairun 2015, da Gearbox ta fitar da Homeworld Remastered Collection, wanda ya haɗa na ɗaya da na biyu, sababbin da aka gyara da kuma tsofaffin yadda suke. An ɗora na ɗaya a kan manhajar da ke tafiyar da na biyu, abin da ya sauya yadda kumbuna ke jeri da yadda harsashi ke tafiya, har sai da aka yi babban gyara a 2016. Cataclysm bai shiga tarin ba. Ya dawo kasuwa a 2017 a shagon GOG da sabon suna, Emergence, saboda kamfanin Blizzard ya riga ya yi rajistar tsohon sunan.

Sai kuma Deserts of Kharak a watan Janairun 2016, wanda ya ƙara wa tambayar wani reshe. Blackbird Interactive ce ta yi shi, kamfanin da Rob Cunningham, shugaban masu zanen Homeworld na farko, ya kafa da wasu tsofaffin ma'aikatan Relic. Sun fara shi ne da wani suna daban tunda ba su da haƙƙin, sai Gearbox ta ba su izini. Yaƙin ƙasa ne a cikin rairayi, shekara 106 kafin tashin babban kumbon, inda Rachel S'jet ke cikin ayarin da ya je neman abin da aka hango binne a hamada. Nan da nan mutane suka fara ba sababbi shawarar su bi labarin bisa jerin shekarunsa, su fara da wannan. Ban yarda da shawarar ba. An rubuta shi ne don wanda ya riga ya san ƙarshen Kharak. Idan ka sani, kowane tudun rairayi da kake zubar da jini a kansa yana da wani ɗaci, domin ka san bayan ƙarni ɗaya babu wanda zai gaji wannan ƙasar. Idan ba ka sani ba, wasan motocin yaƙi ne mai kyau, shi ke nan.

Wasu kamfanonin sun bi da wannan matsalar ta wasu hanyoyi. Blizzard, da ta dawo da StarCraft II a 2010 bayan shekara 12, ta sa taƙaitaccen tarihin yana gudana a allo yayin da ake girka wasan a kwamfuta. Stellaris na kamfanin Paradox, wanda ya fito a 2016, ya kauce wa matsalar gaba ɗaya: kai za ka ƙirƙiri al'ummarka, taurarin kuma sababbi ne a kowane zama, don haka babu wani tarihi da ka makara a kansa. Homeworld ba shi da wannan mafitar, tunda labari ɗaya ne yake da shi, na mutane ɗaya.

An sanar da Homeworld 3 a watan Agustan 2019, aka tara kuɗi daga masoya ta dandalin Fig, aka ɗage fitowarsa sau da yawa. Blackbird, wadda ita ce ta yi shi, ta san da yawa daga cikin masu saye ba su buga na baya ba, sai ta yi abu biyu. Aka shirya bidiyon da ke taƙaita labarin baya. Aka kuma kawo sabuwar jaruma, Imogen S'jet, da kwamanda Isaac Paktu, a sabon kumbo mai suna Khar-Kushan, suna bin sawun Karan wadda ta ɓace shekara 20 kafin nan. Dabarar a fili take: Imogen sabuwa ce a kujerar, kai ma sabo ne, ku koya tare. Aka ƙara da wani salon wasa, War Games, inda mutum uku za su haɗa kai su yi yaƙi ba tare da dogon labari ba.

Ta fuskar fahimta, dabarar ta yi aiki. Mutum zai iya sayen na uku yau ya buga shi har ƙarshe bai ɓata ba. Amma sukan da ya fi yawa a kan wasan, musamman daga tsofaffin 'yan wasa a Steam, shagon wasanni na intanet, kan labarin ne. An bar zanen baƙi da fari da muryoyin rediyo, aka koma nuna fuskoki kusa-kusa da damuwar mutum biyu ko uku, alhali abin da aka saba shi ne labarin al'umma sukutum. Kuma labarin yana so ka ji zafin ɓatan Karan. Bidiyon taƙaitawa zai gaya maka ita ce ta kai mutanenta gida. Wanda ya shafe zango 16 da muryarta a kunnensa, ya ji ta ranar da Kharak ta ƙone, shi kaɗai ne zai ji ɓatanta a jikinsa.

To, amsata ga sabon shiga ita ce: ba ka buƙatar haddace sunayen zuriyoyi, ko jerin shekaru, ko asalin injuna ukun nan. Wannan duk zai zo daga baya idan wasan ya kama ka, kuma littafin jagorar 1999 ya fi kowace taƙaitawa daɗin karatu. Abin da kake buƙata shi ne ka buga na farkon da hannunka, ko da zango uku na farko ne, kafin ka karanta komai a kansa. Yana cikin Remastered Collection, kuma ba ya neman kwamfuta mai ƙarfi irin wadda na uku yake nema. Bayan shi ka ɗauki Emergence, sai na biyu, sai Deserts of Kharak, sannan na uku.